Irin Cittar Mama Skola

Duk wanda ya taɓa zuwa bikin aure a Kwoi cikin shekara talatin da suka wuce, da wuya a ce bai ga Mama Skola tana jan buhu ba. Ana fitowa daga coci a koma filin makaranta a ci shinkafa, sai mai gabatarwa ya ce lokacin kyauta ya yi. Mata su yi layi da kuloli da faranti da zannuwa, kowanne an naɗe shi da takarda mai walƙiya. Can a ƙarshen layin sai ga wata 'yar gajeruwar tsohuwa cikin anko, ta kama kunnen buhu ɗaya, wata 'yar Zumuntar matan coci ta kama ɗayan, suna tafe suna nishi. Buhun duk ƙasa a jikinsa. Irin citta ne a ciki, rabin buhu, ba ta ƙarawa ba ta ragewa.

Sunanta na baftisma Scholastica, amma bakinmu bai taɓa iya ɗaukar sunan gaba ɗaya ba, sai muka gutsure shi. Yayar babana ce. Ni sunana Milka, a gabanta na girma, kuma ita ta koya mini lissafi a aji huɗu, don shekara talatin da biyar ta yi tana koyarwa a firamare. Idan ta dire buhun gaban amarya da ango, ba ta karɓar makirufo. Sai ta sunkuya ta faɗa musu magana ɗaya da kowa a garin ya haddace:

"Ba na miya ba ne, ba na kasuwa ba ne. Ku shuka shi. Shekara biyu kada ku sayar ko ƙwaya ɗaya. Na uku ku zo ku gaya mani."

Mutane su yi dariya, mai gabatarwa ya tsokane ta, ita ko a jikinta. Ta karkaɗe hannu ta koma wurin zamanta.

Asalin abin daga aurenta ne. Sa'ad da ta auri Baba Gilbert, ma'aikacin jirgin ƙasa a Kafanchan, mahaifiyarta ba ta da ko sisi. Abin da take da shi ta kawo, irin citta cikin kwando. Mama Skola da bakinta ta ba mu labari cewa ranar kuka ta yi don kunya, ga ta malamar makaranta, ga ƙawaye 'yan boko, ga uwarta da kwando a ka. Ta tura kwandon bayan ɗaki ta manta da shi. Baba Gilbert ne ya ga ya fara tsiro, ya ji tausayinsa, ya roƙi wani ɗan fili kusa da layin dogo ya binne.

Bayan wasu shekaru jirgi ya fara ja da baya, albashin malamai kuma ya shiga maƙalewa, wani lokaci wata biyar shiru. Farantan biki sun farfashe, rediyon ma an sayar. Cittar nan da aka raina ita ta riƙe gidan. Ita ta kai yara huɗu makaranta, ita ta yi wa gidansu na Kwoi rufin kwano da suka koma gida, kuma da Baba Gilbert ya rasu da kuɗinta aka yi jana'izarsa ba tare da an miƙa wa kowa hannu ba.

Tun daga kwandon nan Mama Skola ba ta taɓa sayen iri ba. Irin da ake kira tafin giwa ne, mai kauri, cikinsa rawaya, in ka karya shi ƙamshin har cikin ido. Kowace kaka ta zauna ƙarƙashin mangwaron gidanta ta zaɓi na iri da hannunta ɗaya bayan ɗaya, ta jera a wani ɗan rami marar zurfi, ta lulluɓe da ciyawa har ruwa ya sauka. Sauran ta raba biyu. Kashi ɗaya ta sayar ɗanye don bukatar gida, ɗayan ta tsaga ta shanya ta kulle a ɗaki, ba ta buɗewa sai farashi ya tashi. Ba ta da hoton mahaifiyarta ko ɗaya, kabarin ma ya ɓace cikin gonar wani tun tuni. In an tambaye ta me ya sa take ji da irin haka, sai ta ce hannun uwarta yana cikinsa.

Ba zan ce zama da ita da daɗi kullum ba. Mace ce mai bin diddigi. In ka zo gaishe ta da sabuwar waya, sai ta karɓa ta jujjuya ta tambaye ka buhu nawa ne wannan. Komai a buhun citta take auna shi, har takalmi. Ɗanta Luke ya taɓa zuba ɗan abin da ya tara a wata harka ta waya da aka ce kuɗi na ninkuwa cikin wata guda, rana ɗaya aka wayi gari harkar ta ɓace da kuɗin jama'a. Ba ta yi masa faɗa ba. Wata shida dai duk safiya in ya gaishe ta sai ta amsa ta ce, "Lafiya lau. Yaya gonar waya?" Luke ya ce da ta zage shi sau ɗaya da ya fi masa sauƙi.

Amma je ka zagaya Kwoi ka tambaya. Akwai gidaje da yawa da rufinsu na kwano ko mashin ɗin da ke ƙofarsu daga rabin buhun nan ya fito. Waɗanda suka fi kowa dariya ranar biki su ne suke fara kai mata kaza a shekara ta uku.

Ni ma na sami nawa buhun. Na auri Boaz, malamin sakandare a Kafanchan, ni kuma ina buga takardu a ofishin wata makaranta. Ƙawayena na jami'a sun zo bikin daga Kaduna da Abuja, ina kallonsu suna rufe baki da hankici sa'ad da buhun ya iso. Raina ya ɓaci ƙwarai. Muka tare a ciki da falo na haya, bayan gidan siminti ne daga bango zuwa bango. Buhun ya yi mako uku ƙarƙashin gado, ɗakin amarya yana warin ƙasa. Abin da nake so a lokacin babban kula ne, irin wanda matan Zumunta ke zuwa da shi taro, don duk kulolin da aka ba ni ƙanana ne.

Wata Asabar na sa buhun a keke na kai kasuwa wurin Malam Saifullahi, dillalin citta. Ya kwance baki, ya karya ɗaya ya shinshina, ya dube ni.

"Madam, wannan iri ne fa, kuma zaɓaɓɓe. Kin tabbata sayarwa za ki yi?"

Na ce na tabbata. Ya biya ni ba tare da ya yi ciniki ba, na tsallaka layin 'yan roba na sayi jan kula mai hannu biyu. Da Boaz ya dawo ya gani, abin da ya ce kawai shi ne in shirya abin da zan gaya wa Mama.

Ƙaryar ta fara ne ƙarama. Da Kirsimeti muka je gida, ta ce, "Milka, yaya citta na?" Na ce, "Yana nan, Mama." Shekara ta biyu ta tambayi inda na shuka, na ce mai gidan hayarmu ya ba ni ɗan fili a bayan gida. Shekara ta uku ita ce ta zuwa a ba da labari, ni kuwa ba ni da labari, sai na cire daga albashina na sayi atamfa mai kyau na kai mata na ce ribar citta ce. Ta rungume ni. Ta ɗinka ta sa ta je Mas a coci da ita, duk wanda ya yaba sai ta ce Milka ce, Milka da ke zaune a birni ma ba ta yar da irin ba. Daga nan na zama abin misali. Amaryar da ta yi ƙorafin ba ta da gona, da sunana ake rufe mata baki.

Gwiwa tana damunta, ba ta son hawa mota, wannan ya taimake ni. Sau biyu ta zo gidana, baftismar yarana, kuma duka biyun na san yadda na yi suka faɗo cikin rani, lokacin da ba a ganin ganyen citta a gonar kowa. Haka na yi shekara tara. Ban taɓa jin daɗin abin ba, amma kowace shekara faɗin gaskiya yana ƙara nauyi, sai in ce bari sai baɗi.

Sai cutar citta ta zo, a daminar 2023. Wanda ya gani ba zai manta ba. Gona tana kore shar, cikin 'yan kwanaki ganye ya koma rawaya ya kwanta. In ka tuge, ƙasan ya ruɓe, ya yi laushi, yana ɗoyi. Daga Kwoi har Kachia haka, maza manya suna tsayawa a bakin gona suna share hawaye. Gonar Mama Skola ba ta kai mako biyu ba. Ta bi kunya-kunya tana tonawa da hannu ko za ta sami mai rai, ba ta samu ba.

Asarar kuɗin ba ta dame ta kamar yadda muka zata ba, tana da busasshiya a ɗaki da za ta ci shekara. Irin take nema. Matar da ba ta son abin hawa ta shiga hawa mashin tana bin gidajen duk waɗanda ta taɓa ba buhu, ƙauye bayan ƙauye. Ko'ina amsa ɗaya, ya ruɓe. Luke ya kira ni ya ce ta rame, ba ta cin abinci sosai. Na ce Allah ya kyauta, na kashe waya. Na san inda zancen zai ƙare, don an fara cewa waɗanda suka shuka a bayan gida, nesa da manyan gonaki, wasunsu sun tsira.

Ranar wata Asabar da hantsi ina wanki a bayan gida na ji sallamarta. Ba ta aiko ba, ba ta kira ba. Ta shigo tana ɗingishi, atamfar nan a jikinta, da buhu wanda ba kome ciki a ninke ƙarƙashin hammata. Fuskarta cike da murna irin wadda na daɗe ban gani ba.

"Milka, 'yata, ke kaɗai kika rage. Ba duka nake so ba. Mudu biyu ma ya isa ni."

Na ce ta zauna ta sha ruwa. Ta ce ruwa ba zai gudu ba. Na ce bari in ɗora shinkafa. Ta ce in fara nuna mata tukuna. Ta wuce ni ta leƙa bayan gidan da kanta. Siminti, igiyar shanya, bahon wanki, sai jan kulan nan a jikin bango, murfinsa ya tsage, ina tara ruwa a ciki. Ta duba dama ta duba hagu, tana neman ƙofar da za ta kai ta filin.

"Ina wurin yake?"

Na durƙusa a kan simintin da kumfar sabulu a hannuna. Na ce, "Mama, babu fili. Ban taɓa shuka shi ba. Na sayar tun watan da aka yi biki."

Ba ta yi ihu ba. Ta lalubi abin da ke kusa ta zauna. Sannan ta tambaye ni abin da na saya da kuɗin. Na ce shi ne take zaune a kai. Ta sunkuya ta dubi kulan, ta ƙwanƙwasa gefensa da yatsa.

"Shekara tara. Ya haihu?"

Ta kama bakin zanen da ke jikinta ta ce wannan fa. Na ce albashina ne. Ta gyaɗa kai. Ta warware buhun da ta zo da shi, ta sake ninke shi a hankali, gefe da gefe, kamar mai ninke kayan coci. Sai ta ce, ba da ni take ba ma, "To. Yau ne uwata ya mutu."

Da ta mare ni da na gode mata. Ba ta ci abincin ba. Na raka ta tasha, na miƙa kuɗin mota, ta ture hannuna ta kwance bakin zane ta biya da kanta.

Ran Litinin na je wurin Malam Saifullahi na tambaye shi ko ya tuna wanda ya sayi irin nan. Ya fara dariya, da ya ga idona sai ya daina. Ya ce shekara tara ba kwana tara ba ce, kuma ko ya tuna, gonar mutumin ba ta fi ta kowa ba. Na ce to ya nemo mini tafin giwa mai lafiya, ko daga ina ne. Ya ce zai gwada, amma in shirya, don bana iri ya fi nama tsada.

Sai watan Maris ya kira ni. Da ya faɗi farashin rabin buhu na dafe kai. Zubin adashina da na yi niyyar sayen firiza da shi na kwashe duka, Boaz ya cika mini sauran. A tsakanin nan an yi biki biyu a Kwoi. An gaya mini Mama Skola ta je da kuɗi a ambulan kamar kowa, ta zauna a layin baya, mai gabatarwa ya nemi ya tsokane ta ya kira buhu, da ya ga fuskarta ya sauya magana.

Bayan Ista na kai mata. Na same ta ƙarƙashin mangwaro, ramin irin a buɗe ba kome ciki sai busassun ganye. Na jawo buhun ni kaɗai har gabanta na tsaya ina haki. Ta kwance, ta ɗauki ɗaya ta karya, ta shinshina, ta ɗan gatsa.

"Ba shi ba ne."

"Na sani, Mama."

Na ɗauka cewa za ta yi in kwashe kayana. Sai ta zazzage buhun a ƙasa ta shiga zaɓe, tana jefar da wanda bai yi mata ba, tana tara sauran gida biyu. Ba ta dube ni ba har ta gama. Ta aika aka ɗauko mata ninkakken buhun nan da ta je da shi Kafanchan, ta zuba tari ɗaya a ciki, ta turo mini da ƙafa.

"Ba na miya ba ne, ba na kasuwa ba ne."

Na ce, "Mama, kin ga bayan gidana da idonki. Siminti ne."

"Kina da kula, ko ba ki da shi? Ki huda ƙasansa ki cika da ƙasa mai kyau. Sauran ki nemi buhuna da tsoffin bokiti. In rana ya yi zafi ki rufe da ciyawa. Kuma ni da damina zan zo, ba da rani ba."

Boaz ne ya huda kulan da ƙusa mai zafi. Muka ɗebo ƙasa daga inda ba a taɓa shuka citta ba, muka jera buhuna da bokitai har igiyar shanya ta rasa wuri. Maƙwabta suka yi ta dariya, na bar su. Mama Skola ma ta ari wani sabon fili can nesa da tsohuwar gonarta ta shuka nata. A watan Agusta ta zo kamar yadda ta ce, ta tarar da ganye ya kai gwiwa a cikin jan kulan. Ta sa na kawo mata kujera ta zauna tana kallonsa har shinkafar da na zuba mata ta huce.

Irin kakata dai ya tafi, kuma ta hannuna ya tafi. Da na shuka rabin buhun nan ko a bokiti ne, mai yiwuwa da yana nan. Ba ta sake tayar da maganar ba, ni ce nake tayar wa kaina.

A Disambar da ta wuce aka yi auren wata jikar maƙwabciyarta. Da lokacin kyauta ya yi, na ga ta miƙe ta yafuto ni. Buhun ɗan ƙarami ne, bai fi mudu huɗu ba, yaro ma zai ɗauka da hannu ɗaya, amma ta ce in kama kunne ɗaya ta kama ɗaya. Muka bi bayan masu kuloli. Filin ya ɗauki tafi da guɗa, wasu tsofaffi suna share ido. Ta dire shi gaban amarya, ta sunkuya ta faɗi maganarta ta kullum har ƙarshe. Na juya zan tafi ta riƙe mini hannu, ta ƙara da abin da ba ta taɓa faɗa a wani biki ba.

"Irin uwata ya ƙare. Wannan na 'yata ne. Ki riƙe shi da kyau, da tsada ta saye shi."